Sifilin da Buba Bai Faɗa Ba

Tunda na sa sola a gidana na Tumfure, barandata ta zama ofishin jikana Anas da abokansa. Da hantsi za su zo da kwamfutocinsu na cinya, su cika mini tabarmi, su shanye mini kunun aya, suna magana rabi Hausa rabi Turanci. Ni kuwa ina gefe ina tsinkar zogale, amma kunnena yana wurinsu. Rannan sai na ji Anas yana koya wa abokiyar karatunsa Jemima abin nan da suke ce wa difol.

Ya ce mata, "Ke, wannan ai ba komai ba ne. Ki sa alamar daidai a gaban gurbin, ki rubuta sifili. In an ba shi lamba ya ɗauka, in ba a ba shi ba ya yi aiki da sifilin. An wuce wurin."

Na ajiye tire na ce, "Kai mijin banza, wa ya ce maka sifili?"

Ya ce, "Haba tsohuwa, ai haka kowa yake yi. Ke ki ji da zogalenki."

Jemima ta ce, "Kaka, wai da gaske kin yi aikin kwamfuta? Anas ya ce ko hotonki a waya ba ki iya turawa."

Gaskiya ya faɗa, ban iya ba. Amma na yi aikin nan tun uwarsa tana goye, kuma abin da ya faɗa a numfashi ɗaya ya ce an wuce wurin, ni na ga inda bai wuce ba. Tunda ba su iya zama su ji magana har ƙarshe, bari in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta.

Karatuna bai wuce firamare ba. Mahaifina ɗan kasuwar goro ne daga wajen Katsina, a Tudun Wadar Gombe ya zauna, a nan aka haife ni. Abin da ya fid da ni shi ne wata maƙwabciyarmu da ke da tafireta a ɗakinta, tana buga wa mutane takardu. Ina zuwa taya ta hira, tun ina kallo har na fara bugawa. Da na yi aure, maigidana yana tsaron sito a wani kamfanin gurzar auduga, aka ba mu ɗaki a kwatas ɗin ma'aikata, katanga ɗaya da ofis. Da ba don kusancin nan ba da ban yi aikin ba, don ni ba mai son fita ba ce. Har yau in aka ce mini Bauchi sai in ji kamar an ce bangon duniya.

Lokacin kuɗin mai ya cika ƙasa, Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, kowane kamfani yana son a ce ya sayi abin zamani. Namu ya sayo kwamfuta. Kada ku ɗauka irin taku ce. Girmanta ya kai teburin mai shayi, gilashinta baƙi ne, rubutun kore. Faifan da ake sa mata faɗinsa kamar murfin tukunya, a cikin riga baƙa, kuma in ka taɓa tsakiyarsa da yatsa ka kashe aikin wata guda. Firinta kuwa in ta fara aiki sai ka rantse injin markaɗe ne, tana jan wata doguwar takarda mai huji-huji a gefe. An ware mata ɗaki da na'urar sanyi, ɗaki ɗaya tak a duk kamfanin, har manaja bai da irinsa. Sai ka cire takalmi za ka shiga. Leburori in sun zo wucewa sukan rage murya, kamar an kwantar da mara lafiya a ciki.

Wanda ke kula da ita Malam Bitrus ne, mutumin wajen Billiri, dogo, mai tabarau, wanda aka tura Kaduna ya koyo aikin. Shi ya ji ƙarar tafiretata ta taga ya ce a kira masa mai bugun nan. Da na zo ya ce, "Hajara, hannunki ba ya tuntuɓe. Amma ki sani, tafireta tana yafiya, wannan ba ta yafiya." Ya fara da sa ni shara da goge ƙura. Daga nan na koma karanta masa layukan da ya rubuta a takarda yana bugawa, har waƙafi da baka sai na faɗa. Daga nan ni ke bugawa yana karantawa. Sai da na daɗe a haka kafin ya bar ni in canza layi ɗaya da kaina, kuma yana tsaye a kaina kamar mai jiran tuwo. Turancin da ke cikin aikin bai fi cikin cokali ba, kalmomi ne 'yan kaɗan suke ta maimaituwa, na haddace su kamar waƙa. Abin da na fi shi kuwa, shi da kansa ya faɗa, kunne ne. Daga kukan faifai nakan ce masa, "Malam, wannan ya kusa mutuwa, mu kwafe shi."

Abin da ku kuke kira fankshin, shi Malam Bitrus ɗan aike yake ce masa. Ya ce, "Ki ɗauka kina da yaron da kike aike kasuwa kullum. Ba sai kin koya masa hanya kowace rana ba, kin koya masa sau ɗaya. Abin da ya rage ki faɗa masa saƙon yau." Wuraren da ake sa saƙon su ne gurabe. Wani gurbin dole ne a cika shi, in ba a cika ba ɗan aiken ba zai ɗaga ƙafa ba, injin ya yi ƙara ya tsaya. Wani gurbin kuma ana ajiye masa amsa tun farko. In ka faɗi taka, taka ce za ta yi aiki, ta ajiye ta koma gefe. In ka yi shiru, sai ya ɗauki ta ajiye ya tafi da ita, ba zai waiwayo ya tambaye ka ba. Wannan ita ce difol ɗinku. Mu amsar ajiye muke ce mata.

Kuma abu ne mai daɗi, ban ce ba shi da daɗi ba. In kaka ta yi, motoci sun fara shigo da auduga, takardar fitar da kaya kaɗai ta isa ta karya maka yatsu. Kusan duk dilolin tashar jirgin ƙasa ake kai su, to me zai sa in yi ta buga tasha, tasha, tasha? Malam Bitrus ya ajiye ta a gurbin. Sai ran da za a kai wani wuri dabam nake faɗa. Aikin da akawu uku suke kwana biyu a kai, sai in gama shi kafin azahar, in koma gida in ɗora tukunya.

Ɗan aiken da ya fi kowanne aiki shi ne na ɗaukar sabon ma'aikaci. Gurabensa biyar: suna, sashen aiki, garin asali, girman kaki, yawan yara. Biyun farko dole ne, shi ya sa suke gaba. Ukun baya kowanne da amsarsa ta ajiye. Gari, Gombe. Kaki, matsakaici. Yara, sifili. Haka ƙa'idar take, na dole a gaba, masu amsar ajiye a baya, don injin bi da bi yake raba saƙo, na farko a gurbin farko, na biyu a na biyu. In za ka yi shiru, daga baya ake yin shirun. Ba ka tsallake na tsakiya ka faɗi na bayansa, sai dai in ka kira gurbin da sunansa.

Wani maigadi da aka ɗauka, Ɗanjuma, ƙato ne wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofis, shi ya sha wannan darasi a jikinsa. Wani akawu da ya karɓe ni ranar da na je suna ya ga Ɗanjuma ɗan Gombe ne, ya ce ai ba sai ya buga gari ba, ya tsallake ya buga "babba" don kaki. Injin ya ɗauki "babba" ya zuba a gurbin gari, ya ga an yi shiru a kan kaki, ya ba shi matsakaici. Ran da aka raba kaya Ɗanjuma ya fito wando a ƙwauri, riga ta ƙi haɗuwa a ciki, katinsa kuma ya ce shi mutumin garin Babba ne. Har ya bar aiki leburori suna ce masa, "Na Babba, yaushe za ka gida? A gaishe da Sarkin Babba!" Mun yi dariya har da hawaye. A lokacin mun ɗauka iyakar ɓarnar da abin zai iya yi ke nan.

Na taɓa tambayar Malam Bitrus dalilin sifilin yara. Ya ce, "Yawancin waɗanda ake ɗauka da kaka samari ne, ba su da aure. Mai yara kuma ai da bakinsa zai faɗa, tunda akwai katin ɗakin shan magani. Wa ke ɓoye ɗansa?" Duk wanda ya ji wannan magana a ofishin nan, Musulmi da Kirista, ya ce haka ne. Kuma mu ba mu ke yi wa mutane tambayar ba. Helma Garba, shugaban leburori, shi ke tsayawa a fili da takarda da biro a kunne, ya tambayi mutum, ya rubuta, ya aiko mana. Inda ya rubuta mu buga, inda ya bari mu bari.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Zafin bazarar nan ban taɓa ganin irinsa ba, ka kwanta a tsakar gida ƙasa tana gasa ka. Aka fara jin labari daga ƙauyuka, yaro ya kwana lafiya, ya tashi da ciwon kai, wuya ya sandare, kafin a ankara an rufe shi. Sannan ya shigo gari. A Dawaki aka ce gida ɗaya an fitar da yara biyu. Ma'aikatan gwamnati suna yawon allura, amma ba su iso ɓangarenmu ba, kuma ba wanda ya san ranar zuwansu. Manaja ya ce kamfani zai sayo wa 'ya'yan ma'aikata tasu allurar daga Kaduna. Allura ce mai wuyar samu a lokacin, kowa nema yake, sai a cikin ƙanƙara ake ɗauko ta, kuma ba a ba ka fiye da abin da ka nuna kana buƙata. Ya aiko a ba shi yawan yara. Da a ce da ne, sai an yi mako ana bin takardu. Mu kuwa kafin ya gama shan shayi mun miƙa masa, muka kuma buga wa kowane yaro kati da sunan ubansa. Ranar har ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Bitrus, yau injin nan ya biya kuɗinsa."

Ranar allura aka kafa tebur a ƙarƙashin dalbejiyar gaban ɗakin shan magani. Sista Rifkatu, mai kula da wurin, mace mai faɗa amma mai tausayi, ita ke yi. Ina ofis ina jiyo koke-koken yara ina dariya. Can sai na ji kukan ya ragu, hayaniyar manya ta ƙaru. Ba a jima ba Sista ta banko ƙofarmu, da takalminta da komai, abin da ba a taɓa yi ba.

Ta ce, "Bitrus, fito ka ga aikin injinka. Kati ya ƙare, allura ta ƙare, yara ba su ƙare ba."

Muka fita. Masu kati duk an yi musu sun watse. Ga wasu mata tsaye a gefe, kowace da yaro, ba kati. 'Yan alluran da suka rage na waɗanda suka yi tafiya, Sista ta riga ta yi wa waɗanda suka matso gaba. A can baya, jikin katanga, wata siririyar Bafulatana tana tsaye ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Kusa da ita, amma ba ta riƙe da hannunta ba, wata yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar, da kitso da 'yan wuri a ka, tana wasa da murfin kwalba.

Sista ta ce da matar, "Ke, wannan 'yarki ce?" Matar ta kawar da kai. Sista ta sake tambaya, matar ta ƙara jan mayafi. Sai wata maƙwabciyarta ta ce, "Sista, ki daina tambayarta, ba za ta amsa ba. 'Yar Buba direba ce. Ta fari ce, kuma ita kaɗai gare su."

Buba na san shi, kowa ya san shi. Direban babbar mota ne, mutumin wajen Dukku, mai shiru, wanda in ya gaishe ka sai ya rage tsawo. Muka koma ciki da gudu, na kira sunansa a injin. Yara, sifili. Malam Bitrus ya zaro takardar da Helma ya aiko ranar da aka ɗauke shi. Gurbin yara fari fat, ko ɗigo babu. Aka kira Helma Garba.

Malam Bitrus ya ce, "Helma, ka tambayi Buba yaransa?"

"Na tambaye shi mana."

"Me ya ce?"

"Me zai ce? Ya sunkuyar da kai yana haƙa ƙasa da takalmi. Bafulatani ne fa, Malam, kuma 'yar fari ce. Ka taɓa jin Bafulatani ya buɗe baki a gaban mutane ya ce ina da ɗa ɗaya? Ko mu Hausawa ai da kunya. Na ga ya yi shiru na gane, na wuce."

"Ka gane, to me ya sa ba ka rubuta ɗaya ba?"

"Ai bai faɗa ba! Ni abin da mutum ya faɗa nake rubutawa. Na bar wurin ne don ku tambaya. Kuma ai kowa ya san Buba yana da 'ya."

Malam Bitrus ya nuna kwamfutar da yatsa. Ya ce, "Kowa ya sani. Ita fa? Wa ya faɗa mata?"

Helma ya bar gurbin ne da nufin a tambaya. Injin ya karɓi gurbin da nufin an yarda da abin da ke ajiye. Kowannensu ya yi daidai da abin da aka koya masa, ga kuma yarinya a jikin katanga.

Manaja ya ce maza a fitar masa da duk waɗanda abin ya shafa. A nan ne na ga abin da ya fi tsorata ni a duk shekarun da na yi ina aikin nan. Malam Bitrus ya zauna a gaban kwamfutar, ya ɗora hannu, ya kasa buga komai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta iya ba." Domin da zarar amsar ajiye ta shiga gurbi, ba ta da wata alama. Sifilin saurayin da ya ce da bakinsa ba shi da ko ɗaya, da sifilin da injin ya zuba wa Buba, kamarsu ɗaya, ba ka bambanta su. Shirun ya ɓace, ba a ajiye shi a ko'ina ba. Injin da ya ba mu lissafi kafin shayi ya huce, yanzu bai san wa ya yi magana wa ya yi shiru ba.

Da ƙafa aka yi aikin. Ni da Sista da matan kwatas muka bi ɗaki ɗaki, kuma ba uwar yaro muke tambaya ba, maƙwabciya muke tambaya. "Ke Larai, yaran ɗakin can nawa ne?" Sai ta lissafo tsaf, har da wanda ke wurin kakarsa. Mazan da ke zaune cikin gari kuma Helma ya sa kowa ya faɗi na abokinsa. Abin da ya fito ya ɗaure mana kai. Ba masu ɗa ɗaya kaɗai ba ne. Akwai masu yara da yawa da suka faɗi lamba, amma sun cire na fari a lissafi, don bakinsu ba zai ƙirga shi ba. Waɗannan iyayen sun karɓi katin da aka ba su suka kawo ƙanana, suka bar babban a gida, ba wanda ya ce uffan. Wata mata ta ce mini, "To Hajara, in je in tsaya gaban mutane in yi ta ƙorafi a kan wancan? Ai sai a ce ba ni da ta ido."

Aka samu Kaduna ta waya da ƙyar, suka ce a zo, za su duba abin da za su iya. Manaja yana tambayar wane direba ne ke kusa, sai ga Buba a bakin ƙofa, ya riga ya ɗauko makullin ƙaramar motar kamfani da kular ƙanƙara. Bai ce don me ba, ba wanda ya tambaye shi. Da ya isa can kuma ba a samu a take ba, sai da ya yi kwanaki yana zarya, yana kwana a mota.

Yana can 'yarsa ta kwanta. Maƙwabciyarsu ce ta zo ta buga mini ƙofa da sassafe, ta ce jikinta kamar wuta, kuma ta ƙi yarda a taɓa mata wuya. Sista ta sa aka kai ta babban asibiti a motar manaja. Na bi su. A nan na ga uwar, wadda ko hannun 'yar ba ta riƙewa a gaban mutane, ta cire mayafi ta jiƙa shi tana goga mata, ba ta ma san muna wurin ba. Sista ta faɗa mini daga baya cewa allurar ma sai ta kwana biyu a jiki take fara tsaro, don haka Allah kaɗai Ya san ko da an yi mata ran nan za ta tsira. Na faɗa wa Malam Bitrus haka. Ya ce, "Na ji," ya ci gaba da abin da yake yi.

Abin da yake yi kuwa shi ne cire sifilin. Ya mayar da gurbin yara gaba, cikin na dole. Daga ranar, in ka yi shiru a wurin, ɗan aiken ba ya motsi, injin ya yi ƙara ya rubuta maka cewa ba a faɗi yawan yara ba. In ba ka da ko ɗaya, sai an buga sifilin da hannu. Ya bi sauran 'yan aiken duka ɗaya bayan ɗaya, ni ina karanto masa, a kowace amsar ajiye sai ya tsaya ya ce, "Hajara, wa zai iya yin shiru a nan, kuma me zai sa shi shirun?" In mun ga shirun ba ya nufin komai sai na'am, kamar tashar jirgi, mu bar ta. In mun ga mutum zai iya yin shiru don kunya, ko tsoro, ko don bai ji Hausar sosai ba, mu cire. Aiki ya ƙara yawa, akawuna suka yi ta gunaguni wai injin ya zama mai taurin kai. Ita ce tambayar da nake so Anas ya yi kafin ya buga alamar daidai, ba wani abu ba.

Buba ya dawo da allura, aka yi wa duk 'ya'yan farin da suka rage, ba wanda ya sake kwanciya a cikinsu. Shi kuwa daga ɗakin shan magani asibiti ya wuce. Yarinyar ta yi jinya mai tsawo, ta rame har ba ka gane ta, amma ta tashi. Muka yi ta hamdala. Sai da aka dawo da ita gida aka lura, in an kira ta ba ta juyowa. Kwano ya faɗi a bayanta ko gezau. Ciwon ya tafi da kunnuwanta duka biyu.

Da damina ta faɗi aka ce kowa ya zo a gyara masa takardarsa a sabon tsari. An yarda mutum ya turo abokinsa ya faɗa a madadinsa, kuma yawancinsu haka suka yi. Helma ya ce da Buba, "Ka bari ni zan faɗa maka naka." Buba ya girgiza kai.

Ranar ana yayyafi ya zo, da matarsa a bayansa, da yarinyar. Suka cire takalma a bakin ƙofa. Ɗakin a cike, ga Helma, ga akawuna biyu, ga Sista ta zo karɓar katuna. Na tsinko wa yarinyar gefen takardar firinta mai huji-huji, ta zauna a ƙasa ta ba mu baya tana zura yatsa a ciki. Malam Bitrus ya ce in tashi, shi zai buga. Ya kira sunan Buba a injin, ya zo gurbin yara, ya tsaya. Bai ɗago kai ba ya ce, "Malam Buba, ba sai ka yi magana ba. Na sani. Zan sa."

Buba ya ce, "A'a, Malam. Tambaye ni."

Malam Bitrus ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Yaranka nawa?"

"Ɗaya."

A sabon tsarin akwai gurbin suna ga kowane yaro, shi ma na dole. Malam Bitrus ya kalli Helma, don ya faɗa. Kafin Helma ya buɗe baki Buba ya ce, "Fadimatu." Matarsa ta sa hannu ta rufe bakinta. Helma ya sunkuyar da kai, akawunan suka kalli bango. Tunda aka raɗa wa yarinyar nan suna ba wanda ya taɓa jin sa a bakin ubanta.

Buba ya juya wajenta ya ce, "Fadimatu." Tana ta wasa da takardarta. Ya ɗaga murya, shi da ko a kan titi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, har sai da ta rufe ƙugin na'urar sanyi. "Fadimatu!" Ba ta juyo ba.

Sai uwar ta matsa ta dafa kafaɗarta, a gabanmu duka. Yarinyar ta waiwayo. Buba ya durƙusa har ƙasa, ya kawo fuskarsa daidai tata, ya sake faɗin sunan a hankali, gaɓa gaɓa, ba murya, don ta ga bakinsa.